Saƙon da Ke Akwatin Miludi

Wad Zam, 22 ga Nuwamba, 2004

Zuwa ga 'yar ƙanwata Zohor,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kin yi Sallah lafiya, in dai ana Sallah a Torino. Yaya sanyi, yaya tsohuwar Baturiyar da kike jinya? Mahaifiyarki na nan ƙalau, ranar Juma'a ta zo ta ci kuskus ɗinmu ta kushe shi kamar kullum. Ni gwiwa ce kawai, sai kunnen nan na hagu da ya yi ritaya tare da ni. Matata Rikiya kuwa sukarin ya sake hawa cikin azumi, likita ya ce a nisanta ta da tashin hankali.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Yau wata uku da kwana tara rabona da muryar ɗana Miludi. Kin san kiransa na ƙarshe daga Libiya ne, ya ce gobe ko jibi za su shiga kwalekwale. Ni na ɗauki wayar, uwarsa tana gidan wankan mata na unguwa. Da ta dawo na ce mata ya sauka Italiya lafiya, ba shi da takardu, ba zai iya kira ba sai ya samu wurin zama. Ƙarya na yi mata, Zohor, kuma har yau a kanta muke zaune. Ke ma kin tambayi duk mutanen garinmu da ke can ba ki samo komai ba, Allah ya saka miki.

Makon jiya ina gyara ɗakinsa na tsinci wani ƙaramin littafi a ƙarƙashin katifa. A bangon ƙarshe ya rubuta adireshinsa na imel da kalmar sirrinsa. Na yi tunani, yaron nan duk hulɗarsa da masu tsallakar da mutane ta nan ya yi ta. In akwai wanda ya san inda yake, can zai rubuto.

Tsohuwar kwamfutarsa tana nan, kuma tana hawa layin tarho. Na gwada buɗe shafin kamfanin imel ɗin, ya yi ta lodi rabi da rabi har na haƙura. Amma na ga wata manhaja mai hoton ambulan, na danna ta, ta hau yi mini tambayoyi. Shekara talatin da huɗu ina karanta Faransanci a gidan waya, amma wannan ba Faransancin mutane ba ne. Ke da kika yi makarantar sakatarori a Kazablanka, rubuto mini abin da zan cika, ɗaya bayan ɗaya. Ga adireshin nan a ƙasa. Kalmar sirrin tana wurina.

Kada ki kira gida a kan wannan magana. Tarhon a falo yake, ni kuma kin san sai na ɗaga murya. Ki aiko ta hannun Si Abdussalam a gidan waya, zai ajiye mini.

Kawunki, Larbi

*

Torino, 3 ga Disamba, 2004

Kawu,

Wa alaikumus salam. Na samu wasiƙarka, na karanta ta a tsaye a kicin. Ina lafiya, sanyi ne ya fasa mini hannuwa. Tsohuwar tana nan, jiya ta kira ni da sunan 'yarta da ta mutu, yau da na kyanwarta. A gaishe da Lalla Rikiya, a ce ta rage burodi.

Kawu, me ya sa za ka wahalar da kanka? Aiko mini kalmar sirrin. Ranar Lahadi ina da hutun rabin yini, zan shiga shagon intanet in buɗe cikin minti biyar. Ko da wani abu ya faru, gara a ce ni na fara gani.

Amma na san ka, saboda haka ga matakan. Manhajar nan ita ce daidai da kai, domin tana kwaso wasiƙun ta ajiye a kwamfuta, sai ka kashe layi ka karanta a nutse.

Na ɗaya, za ta tambayi suna. Sa sunan Miludi. Na biyu, adireshin, duk da ƙananan haruffa, ba tazara. Na uku, za ta tambayi irin akwatin, zaɓi wanda aka rubuta POP. Na huɗu, gidan da wasiƙu ke shigowa. Na biyar, gidan da suke fita. Sunayen biyun na rubuta maka su da manyan baƙi a bayan takardar nan, na farko ya fara da pop, na biyu da smtp, kada ka juya su. Ka ɗauke su kamar buhun shigowa da buhun fita a ofishinku. Na shida, kalmar sirri. Ba za ka ga haruffan ba, taurari za su fito, ba lalacewa ba ce. Na bakwai, shiga inda aka ce ƙarin saituna, akwai ɗan akwati da aka rubuta a bar kwafin saƙonni a can wurin kamfanin. Sa masa alama.

Tsohuwar tana kirana, zan tsaya nan.

'Yarka, Zohor

*

Torino, 28 ga Disamba, 2004

Kawu,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Kwana ashirin da biyar ke nan ban ji daga gare ka ba. Na kira mahaifiyata, ta ce ta gan ka a kasuwar Litinin kana cinikin zaitun, ƙafarka ƙalau, bakinka ƙalau. Ke nan ba ciwo ne ya hana ka rubutu ba.

Ban sani ba ko wasiƙata ce ta ɓata, ko ka buɗe akwatin ka ga abin da ba ka iya faɗa mini. Ba na barci da kyau saboda wannan. Miludi a bayana ya yi wayo, ni na riƙa kai shi makaranta yana kuka yana cizona. Ba kai kaɗai ke jira ba. Ko layi biyu ne ka rubuto.

Zohor

*

Wad Zam, 30 ga Disamba, 2004

Zohor,

Bayan gaisuwa, muna nan da rai. An yi ruwa sosai, ɗakin sama ya ɗiga. Rikiya ta ɗan ji sauƙi, har ta fara maganar ragon layya.

Na yi shiru ne don na ji haushinki, ba zan ɓoye ba. Kin rubuta "ko da wani abu ya faru." Na karanta layin nan ya fi sau goma. Wato ke kin riga kin binne shi, saura ki zo ki lallaɓa tsoho. Ban ba ki wannan izinin ba. Kalmar sirri kuma ba za ta shiga ambulan ba. Ni na san hannu nawa wasiƙa ke bi kafin ta tsallaka teku, na kuma san waɗanda ke ɗaga ta a hasken fitila. Sirrin ɗana ba zai buɗu a shagon da wani ke leƙe ta kafaɗarki ba.

Amma na bi matakanki. Sai ranar Talata da la'asar nake iya taɓa abin, lokacin da Rikiya ke gidan wanka, saboda in kwamfutar ta hau layi tana wani kuka kamar ana shaƙe zakara. Talatar farko manhajar ta ce ba ta sami gidan ba. Na duba, ashe na sa waƙafi a inda ya kamata in sa ɗigo. Ni da na kori yara uku daga aiki saboda kuskuren lambar gida. Talata ta biyu ta ce kalmar sirri ba daidai ba. Na shigar sau shida, gumi ya jiƙa mini jallabiya a wannan sanyin. Ta uku Rikiya ba ta je wankan ba, mura.

Me nake yi ba daidai ba? Na kwafe miki abin da ta rubuto da lambobinsa a ƙasa, harafi da harafi.

Kawunki, Larbi

*

Torino, 6 ga Janairu, 2005

Kawu,

Alhamdu lillahi da na ga rubutunka. Wasiƙunmu sun yi saɓani a hanya, ka yi haƙuri da zafin waccan. Wallahi ban binne shi ba. Nufina in rage maka nauyi, ba wani abu ba. Kullum na ga yaro mai tafiyarsa a tashar jirgin ƙasa sai na bi shi har ya juyo.

Abin da manhajar ta rubuto maka na gane shi. A wurin sunan shiga ka sa rabin adireshin ne kawai, wannan kamfanin kuma cikakke yake so, har da abin da ke bayan alamar nan mai kama da kunne. Sannan ka duba hannun dama na allon rubutu, in ƙaramar fitilar manyan haruffa tana kunne ka kashe ta. Na san ka, komai da manyan baƙi kake rubutawa kamar bayan ambulan.

Ina aiko wannan ta hannun Hajji Mbarak, direban motar da ke tashi gobe zuwa Huribga kusa da ku, za ta riga ta gidan waya isa. Kada ka gaya wa Si Abdussalam na ci amanar sana'arku. Akwai man gwiwa a cikin ledar.

'Yarka, Zohor

*

Wad Zam, 12 ga Janairu, 2005

'Yata Zohor,

Gaisuwa mai yawa. Man ya iso, yana wari amma yana aiki. Rikiya na gaishe ki. An sayo ragon, yana ɗaure a soron sama yana cin igiyar shanya.

Ya yi. Jiya Talata na gyara sunan, na kashe fitilar, na danna. Wani ɗan layi ya fito yana cika a hankali, tana ƙirgawa, ɗaya cikin ɗari biyu da goma sha huɗu, biyu cikin ɗari biyu da goma sha huɗu. Minti arba'in ta ɗauka. Ina zaune a kujerarsa ina kallon wasiƙun ɗana suna shigowa gidan ubansa. Na yi kuka, ba kowa a gidan, ban ji kunya ba.

Matakinki na bakwai ne kawai ban bi ba. Na karanta abin da aka rubuta a gefen akwatin, na fahimce shi sarai. A aikinmu, wasiƙar da mai ita ya zo ya karɓa ba ta sake kwana a ofis, kuma ba a taɓa ajiye kwafinta ba. Wanda ya yi haka ɗan leƙen asiri ne, ba ma'aikacin gidan waya ba. Don me zan bar wa mutanen da ban sani ba maganar Miludi da masu kwalekwale? Gobe hukuma ta tambaye su su miƙa. Na bar akwatin ba alama. Komai ya dawo gida, ban bar musu ko ɗaya ba.

Na jera su bisa kwanan wata na fara daga ta farko, yadda ake yi. Yawanci shirme ne, shi da abokansa, ƙwallo da zagin juna. Akwai wata yarinya a Bani Mallal, Ibtisam, ashe har maganar aure sun yi. Ban san ɗana yana da ban dariya haka ba. A gabana kullum kansa a ƙasa.

Yanzu ki zauna. Waɗanda ba a buɗe ba suna fitowa da baƙi mai kauri. Bayan tafiyarsa akwai goma sha ɗaya. Takwas talla ne, biyu daga yarinyar nan. Ta ƙarshe ta zo ranar 2 ga Oktoba, daga wani Abdulilahi, ban san shi ba. A kanta an rubuta: Zuwa ga iyalan Miludi Zarwali na Wad Zam.

Ban buɗe ba. Na kai kibiyar kanta na janye hannuna. Kada ki ce tsoro ne kawai, ko da yake akwai shi. Ba a rubuta Larbi ba, an rubuta iyalai. Iyalan Miludi ni ne da Rikiya. Ban taɓa miƙa wasiƙar mutum biyu ga mutum ɗaya a ɓoye ba. Sai na fara gaya mata gaskiya, sannan mu zauna mu buɗe tare. Kuma saura kwana tara Sallah. Lokacin da nake raba telegiram, in na ji a jikina ta mutuwa ce, ba na kai ta gida ana jajibiri. Nakan bar mutane su ci namansu. Ba zan yi wa matata abin da ban yi wa baƙi ba.

Wataƙila ma yana kurkuku ne, ko asibiti, ya ba wani adireshin. Wanda ya mutu ba ya ba da sunan garinsu. Haka nake gaya wa kaina. Wasiƙar tana nan a ɗakinsa, na rufe kwamfutar da bargo saboda danshi, ba inda za ta.

Kawunki, Larbi

*

Torino, 20 ga Janairu, 2005

Kawu,

Ina fata kuna lafiya. Ba ni da natsuwar doguwar gaisuwa, ka yafe mini.

Jiya wasiƙarka ta iso. Na karya maganarka na kira gida sau uku. Biyu Lalla Rikiya ta ɗauka, muka yi hirar rago da tsadar albasa. Na uku da ta ba ka, na ce, "Kawu, ka buɗe saƙon nan yau, ka kwafe shi a takarda." Ka ce da ƙarfi, "Man gwiwa? Ya iso, Allah ya yi albarka. Sauran sai bayan Sallah." Na san ka ji ni sarai. Ai da kunnen dama mai lafiya kake riƙe waya.

Saurara, don girman Allah. Laifina ne da ban yi maka bayanin mataki na bakwai ba, tsohuwar ta kira ni na tashi. Wannan akwatin ba na leƙen asiri ba ne. Da ka sa masa alama, da wasiƙun suna wuri biyu, a can da kuma wurinka. Yanzu da ba ka sa ba, kamfanin ya goge nasa a daidai lokacin da suka sauko. A duk duniya saƙon Abdulilahi wuri ɗaya yake, cikin kwamfutar da Miludi ya saya ta hannu shekara shida da suka wuce, wadda shi kansa yake dukan gefenta kafin ta tashi. Ba takarda ba ce, Kawu. Takarda ko ta jiƙe ana shanya ta.

In ba za ka karanta ba, to kada ka karanta. Danna sunan mutumin sau biyu, adireshinsa zai fito, ka kwafe shi kawai ka aiko mini. Ni zan rubuta masa. Wannan bai saɓa wa dokarka ba, bayan ambulan ne, kowane ɗan aike yana karanta shi. Kuma cire bargon nan, zafi yake tara mata in tana kunne.

Wata uku da rabi mutumin nan yana jiran amsa. In Miludi yana tsare a wani wuri, kowace rana tana da nauyi.

Zohor

*

Wad Zam, 2 ga Fabrairu, 2005

Zohor,

Assalamu alaikum. Muna nan. Wasiƙarki ta 20 ga wata ta iso shekaranjiya, hutun Sallah ya riƙe ta a Kazablanka. Da ta zo ba ta da sauran amfani.

Mun yi Sallah. Rikiya ta ware masa kafaɗar ragon, ta sa gishiri ta shanya, ta ce in an samu mai tafiya a kai masa. Kwana uku da Sallah, ranar Litinin bayan azahar, na zaunar da ita na gaya mata komai. Kiran Libiya, kwalekwalen, ƙaryar da na yi. Na ajiye maganinta kusa da hannuna. Ba ta faɗi ba. Ta dube ni ta ce, "Si Larbi, ka ɗauka ban sani ba? Ɗan da na haifa zai yi wata biyar a Italiya bai kira ni ya ce in aiko masa da wani abu ba?" Ta ce tun Disamba take dawowa daga rabin hanyar gidan wanka ta tsaya a matakala tana jin kukan na'urar. Jira take in gaya mata da bakina.

Na ce akwai saƙo. Ta tashi ta yi alwala, ta sa farin mayafinta, muka shiga ɗakinsa. Na jawo mata kujera. Na cire bargon na danna.

Fankar cikinta ta juya. Sai wani ƙas, ƙas, ƙas daga ciki, kamar ana taɓa agogo da farce. Fuskar kwamfutar ta tsaya baƙa da rubutu fari layi ɗaya. Na kashe na kunna. Na daki gefenta yadda yake yi. Har aka kira la'asar muna zaune, ni ina kashewa ina kunnawa.

Washegari na naɗe ta a bargon na shiga tasi zuwa Huribga wurin Si Hajjaj mai gyara. Ya buɗe, ya ciro wani abu kamar gwangwanin sadin, ya ce nan ne take ajiye komai. Ya kara a kunne ya girgiza, ya ce allurar ta faɗa kan faifan ta kankare shi, kuma duk kunnawar da na yi ƙara kankarewa take. Ya tambaye ni sau nawa na kunna. Na ce ban ƙirga ba. Ya aika da shi wurin wani a Kazablanka da aka ce ya fi kowa, jiya aka dawo da shi a cikin leda.

Si Hajjaj ya ce kada in damu, ai akwai kwafi a wurin kamfanin, kowa yana bari. Na biya shi na fito.

Ga kalmar sirrin a ƙasan takardar nan. Duk wanda ya ga dama ya ɗaga ta a fitila. Ki je ki duba, wataƙila ba su goge duka ba. A ofishinmu ma wani lokaci wasiƙa takan maƙale a gindin buhu.

Larbi

*

Torino, 14 ga Fabrairu, 2005

Kawu,

Gaisuwa gare ka da Lalla Rikiya. Ina lafiya.

Ban jira Lahadi ba, na bar tsohuwar da maƙwabciya na fita. Na buɗe. Akwatin shigowa babu komai sai talla guda biyu da suka zo bayan ranar da ka kwashe. Na duba kwandon shara, na duba na waɗanda aka aika, na duba ko'ina. Na rubuta wa kamfanin da Faransanci da ɗan Italiyancin da na iya. Sun amsa da ladabi cewa abin da manhaja ta kwashe ta goge ba ya dawowa.

Na zauna a shagon har lokacina ya ƙare, mai shagon ɗan Masar ne, ya ga fuskata bai ce in tashi ba.

Ina so in yi maka faɗa, Kawu. Na rubuta shafi guda na yaga. Me zan faɗa maka da ba ka faɗa wa kanka ba? Ni ma da na ƙara layi biyu a wasiƙar farko da ba mu zo nan ba.

Ka tuna mini duk abin da ka gani a layin nan. Abdulilahi wa? Akwai wani harafi bayan sunan? Ƙarfe nawa aka aiko? Ranar Juma'a zan sa a yi sanarwa a masallacin da mutanenmu ke taruwa, na kuma ba masu motocin Milano da Bolonya sunan. Amma ka san Abdulilahi nawa ne suka tsallaka bara.

Abu ɗaya ya rage. Wanda ya rubuto sau ɗaya yana iya sakewa. Irin wannan akwatin in aka daɗe ba a shiga ba rufe shi suke yi, saboda haka zan riƙa buɗewa duk Lahadi muddin ina ƙasar nan.

'Yarka, Zohor

*

Wad Zam, 1 ga Maris, 2005

'Yata Zohor,

Assalamu alaikum. Na gode da wahalarki, Allah ya biya ki. Gwiwa da sauƙi. Rikiya tana shan maganinta, tana cin abinci kaɗan.

Kin ce in tuna. Abdulilahi kawai, ba harafi, ba sunan uba. Ranar 2 ga Oktoba, ƙarfe huɗu da minti goma na yamma. A gefe an rubuta girmansa, 3 da wasu haruffa biyu. Na tambayi Si Hajjaj, ya ce wannan gajeren saƙo ne, bai wuce layi goma ko sha biyar ba. Na yi ta lissafin abin da mutum zai faɗa a layi goma. Ya isa a ce ya nutse a wuri kaza. Ya isa kuma a ce yana tsare a wuri kaza, ku nemi lauya. Kwana goma sha uku ina ɗaga bargon nan ina kallon ta a kashe, ina jin daɗin cewa na san abin da ya dace.

Kada ki ɗora wa kanki komai. Kin ce in sa alama, na karanta, na gane, na ƙi.

Rikiya ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Tana kawo mini shayi a kan lokaci. Mata sun fara shigowa, don magana ta fita. Wasu na cewa a kira malamai a sauke Alƙur'ani a yi kuskus na sadaka, a huta. Wasu na cewa haram ne a yi wa mai rai zaman makoki, ga ɗan wance da ya bayyana bayan shekara biyu daga kurkukun Tarabulus. Mahaifiyarki tana ɓangaren farko da safe, na biyu da yamma. Limamin unguwa ya ce a jira. Da na tambaye shi har yaushe, sai ya kama gyaran rawaninsa.

Ki ci gaba da buɗewa ranar Lahadi. Ko talla ce ta zo ki gaya mini. In wani abu ya zo, kada ki rubuto, kada ki jira Juma'a ko Sallah ko in shirya. Ki kira, kuma duk wanda ya ɗauka ki karanta masa.

Jiya bayan sallar magariba ta daɗe a kan darduma ba ta ɗaga hannu ba. Ta juyo ta ce, "Si Larbi, wace addu'a zan yi masa, ta mamaci ko ta matafiyi?" Na ce ban sani ba. Ta ce, "Ai an aiko mana da saƙo a gaya mana."

Sannan ta ɗaga hannuwan, ta riƙe su a sama, ban ji ta ce komai ba.

Kawunki, Larbi